Wa Ya Ƙara, Wa Ya Zuga? Abin da Kalmomin Turanci Ke Ɓoyewa

Ranar 10 ga Janairun 2007 Shugaba George W. Bush ya shaida wa Amurkawa cewa zai tura ƙarin sojoji fiye da 20,000 zuwa Iraƙi. Babu wanda ya yi musun adadin. Rigimar da ta kaure a Washington a kan sunan da za a raɗa wa abin ce. Magoya bayan shirin da yawancin 'yan jarida suka kira shi “surge”. 'Yan adawa suka ce atafau “escalation” ne. Washegari Sakatariyar Harkokin Waje Condoleezza Rice ta bayyana gaban kwamitin harkokin waje na Majalisar Dattawa, inda Sanata Chuck Hagel, ɗan jam'iyyarsu ɗaya wanda ya yi yaƙin Biyetnam da kansa, ya tsare ta da tambaya: in wannan ba “escalation” ba ne, to raguwa za a kira shi? Ta ce ita dai “augmentation” za ta ce.

Mai fassara labarai zuwa Hausa, in yana sauri, duka ukun “ƙarin sojoji” zai rubuta, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba. Sai dai ya zubar da duk abin da ake faɗan a kansa. “Surge” kalmar ruwa ce, igiyar teku da ke tasowa da ƙarfi ta daki gaɓa sannan ta janye. Mai faɗinta yana cewa a kwantar da hankali, abin na ɗan lokaci ne. “Escalation” kuwa ta samo asali daga matakalar nan mai tafiya da kanta, wadda kamfanin Otis ya nuna a baje kolin birnin Paris a 1900 da sunan “Escalator”. Wanda ya taka ta, sama za ta yi da shi ko ya ɗaga ƙafa ko bai ɗaga ba. A zamanin yaƙin cacar baka masana dabarun yaƙi suka ari kalmar suna auna yadda ƙaramar rigima ke hawa daki-daki har ta kai ga makamin nukiliya, daga baya yaƙin Biyetnam ya shafa mata jini. A kunnen Ba'amurken da ya ga wancan zamani, tana nufin faɗawa inda fita ke da wuya. Ita ko “augmentation” da Rice ta zaɓa, amfaninta ɗaya: ba ta kawo hoton komai a zuciya. Kalmar takarda ce mai tushe a Latin, ba zafi ba sanyi.

Turanci na da tarin kalmomi na ƙara abu da na zaburar da mutane, littattafan koyo kuma sukan jera su a layi guda su ce ma'anarsu ɗaya. Wannan jerin ne ke yaudarar ɗalibi. Kowace a cikinsu tana tafe da nata hoton, hoton kuma yana amsa tambayoyi biyu a fakaice: shin akwai hannun wani a wannan ƙari, sannan ƙarfin da aka samu na gaske ne ko na aro?

Tambayar farko ta fi shafar aljihunmu, don haka a fara da ita. Tun a aji ake koya wa yara bambancin “raise” da “rise”: na farko sai da mai ɗagawa, na biyu abin ne ya tashi da kansa. Malamai sukan ɗauke shi darasin nahawu, alhali a jarida ya zama maganar siyasa. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya ce a jawabin rantsuwarsa na 29 ga Mayun 2023 tallafin mai ya tafi, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma naira 488 a Legas, ta haura 500 a Abuja da jihohin arewa. Sanarwar kamfanin NNPC ta kira wannan “adjustment”, wato daidaitawa, tamkar an gyara zaman hula. Jaridu suka buga “hike”, wato ɗaga farashi da yawa lokaci guda. Hukumomin Najeriya suna da wata da suke ji da ita, “upward review”, wai sake duba farashi ne ya yi sama. Jam'iyyun adawa da 'yan ƙwadago kan ce gwamnati ta yi “jack up”, daga jak ɗin ɗaga mota: wani ne ya durƙusa ya yi ta murzawa da gangan har abin ya ɗagu. A “hike” da “jack up” akwai mai laifi. A “adjustment” akwai mai aiki amma ba laifi. In kuma aka ce farashi ya yi “soar” ko “skyrocket” ko “surge”, to mai aikin ma ya ɓace, farashin ne ya yi fiffike. Hausa ta san wannan dabara sarai, tunda “an ƙara kuɗin mai” daban, “mai ya yi tashin gwauron zabi” daban, kuma kowa ya san wacce mai mulki zai fi son ji a rediyo.

Wannan rabuwa tana da tarihi. Tun da Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila a 1066, Turanci ya zama gida mai hawa biyu. A ƙasa akwai gajerun kalmomin talakawa masu dangantaka da Jamusanci, waɗanda ake liƙa musu “up” su zama ƙari: “step up”, “build up”. A sama akwai dogayen kalmomin kotu da coci da ofis da aka aro daga Faransanci da Latin: “increase”, “augment”, “intensify”. Editan jarida na son gajeru domin kanun labari ba shi da fili, kuma suna da cizo. Mai rubuta sanarwar gwamnati na son dogaye domin ba su da haƙora. Duk da haka kada a ɗauka kowace “hike” zargi ce. A shafukan kasuwanci, in Babban Bankin Najeriya ko na Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa, “rate hike” ake cewa ba tare da wata gatse ba. Yawan amfani ya goge mata kaifi a can.

Su ma kalmomin da ba su da mai aiki, kowace da hasashenta game da gobe. “Spike” ƙusa ce mai tsini, irin wadda layin jadawali ke yi in ya cilla sama ya faɗo nan take, don haka mai faɗinta yana sa ran saukowa. “Balloon” kumburin balan-balan ne, ba a faɗinta ga abin kirki, sai bashi da kasafin kuɗin da ya fi ƙarfin mai shi, kuma kowa ya san ƙarshen balan-balan. “Snowball” dunƙulen ƙanƙara ne da ke gangarowa yana kwasar wata yana girma. “Creep up” rarrafe ne a hankali har sai an waiwaya an ga an yi nisa. “Soar” tashin mikiya ne, shi ya sa ake jin ta a ribar kamfani da farin jinin ɗan takara, ko da yake ana ɗora ta a kan tsadar abinci ma.

A nan akwai wani tarko na lissafi da ke kama har manyan jaridu. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta amince masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wa wuta a rana, su koma biyan naira 225 a kowane yunit, daga kimanin naira 68. Sabon kuɗin ya ninka tsohon sau uku da ɗoriya, amma ƙarin da aka yi bai kai kashi 300 cikin 100 ba, wajen kashi 230 ne. “Increased by” na nufin abin da aka ɗora a kai, “increased to” na nufin inda aka tsaya. 'Yan harufa biyu ne kacal, amma mai fassarar da bai lura da su ba zai iya ninka labarin ko ya rage shi rabi.

Tambaya ta biyu ta fi daɗin tono, domin a nan ne ake ganin dalilin da ya sa Turanci ke amfani da kalma ɗaya ga farashi da ga zuciyar ɗan Adam. Ana yi wa tattalin arziki “boost”, ana yi wa ƙwarin gwiwar ma'aikata “boost”. Ana “pump up” tayar keke, ana “pump up” 'yan ƙwallo kafin su shiga fili. Harshen ya ɗauki mutum a matsayin abin da ake ba wa ƙarfi daga waje, kuma kowane zamani ya bar nasa kayan aikin a cikin ƙamus.

Mafi tsufa su ne na dabbobi. “Spur” shi ne ƙaimin da mahayi ke ɗaurawa a diddige, kuma abin sha'awa, Bahaushe ma da ƙaimin doki ya gina “ƙara ƙaimi” ba tare da ya aro daga kowa ba. Duk inda aka hau doki, tunanin yakan zo. “Goad” sandar tsikarar shanu ce. “Stimulus”, wadda aka yi ta ji a 2009 lokacin da gwamnatin Barack Obama ta ware dala biliyan 787 don farfaɗo da tattalin arzikin Amurka, a Latin ita ma tsinken tsikarar shanu take nufi. “Whip up” daga bulala. A farautar dila ta Turawan Ingila akwai mutumin da aikinsa shi ne tattaro karnukan da suka kauce da bulala, ana ce masa “whipper-in”. Daga nan majalisar dokokin Birtaniya ta samo muƙamin “whip”, mai tabbatar da 'yan jam'iyya sun zo sun kaɗa ƙuri'a yadda aka umarta, mu kuma muka gada har gidajen rediyo ke cewa bulaliyar majalisa. Ban san ko masu riƙe da muƙamin za su so a tuna musu su wa ake tattarowa a asalin hoton ba.

Akwai wadda ta fi waɗannan ban dariya. A Turancin buroka na Najeriya, in mawaƙi ko mai gabatar da taro ya ɗumama jama'a, sai a ce ya yi musu “ginger”. Citta ce dai da muka sani. Amma Turawan Ingila sun daɗe suna cewa “ginger up”, kuma tushenta wata ha'inci ce ta dillalan dawaki: sukan cusa wa tsohon doki citta a dubura, zafin ya sa ya ɗaga wutsiya yana ta rawar jiki, mai saye ya zaci ingarma ne. Wani ƙamus na kalmomin 'yan tasha da Francis Grose ya fitar a Landan a 1785 ya bayyana wannan aiki. A siyasar Birtaniya har yau ana kiran 'yan tsirarun da ke hana jam'iyyarsu barci “ginger group”. Tun a nan an fara ganin zargin da ke bin wasu kalmomin: kuzari ya samu, amma dokin bai canza ba.

Sai zamanin wuta da tururi. “Stoke” aikin mai zuba gawayi a tukunyar jirgin ƙasa ko jirgin ruwa ne. Da ita da “fuel” da “fan the flames” yawanci a bakin 'yan jarida sharri suke rakawa: tsoro, ƙiyayya, rikicin ƙabilanci. Daidai suke da namu “rura wuta” da “iza wuta”, ita kanta “zuga” ai 'yar uwar zugazugin maƙeri ce. Amma matasan da ke wasan sulu a kan igiyar teku a Kalifoniya sun juya “stoked” ta koma tsantsar murna da ɗoki. “Fired up” ma ta yi farin jini. A 2007, lokacin da Obama ke neman takara, ya je wani ƙaramin taro a garin Greenwood na jihar South Carolina, inda wata 'yar majalisar ƙaramar hukuma mai suna Edith Childs ta ɗaga murya da “Fired up! Ready to go!”, jama'a suka amsa. Ya ɗauki kirarin ya zagaye Amurka da shi har ya shiga fadar White House.

Kalmomin inji da lantarki sun fi kowane rukuni yawa a Turancin yau, musamman na Amurka. “Rev up” taƙaitawa ce daga “revolution”, juyawar inji in an taka totur. “Crank up” ta tuna da ƙarfen da ake zurawa a gaban mota a murɗa da hannu kafin ta tashi, aikin da ya karya hannaye da dama har sai da motar Cadillac ta 1912 ta zo da sitata mai lantarki. Wanda ya taɓa ganin an tayar da injin niƙa da hannu ba ya bukatar ƙarin bayani. “Amp up” daga na'urar ƙara sauti. “Galvanize” sunan mutum ne sukutum: Luigi Galvani, likita a birnin Bologna na Italiya, wanda ya wallafa bincikensa a 1791 kan yadda ƙafar mataccen kwaɗo ke zabura in lantarki ya taɓa jijiyarta. Sunan nasa ne kuma ke kan ƙarfen da ake lulluɓewa da zinki don kada ya yi tsatsa, irin kwanon rufinmu. In aka ce wani lamari ya “galvanize” jama'a, yabo ne: mutanen da suka yi lamo sun miƙe tsaye a kan abu ɗaya. Ba kowa ke tuna cewa kwaɗon farko matacce ba ne. A waɗannan kalmomi ba safai ake jin zargin ha'inci ba. Injin na nan, ƙarfin nasa ne, an dai taka shi ne ya nuna.

Zargin ya dawo da ƙarfinsa a kalmomin allura. “A shot in the arm” allura ce a dantse, ana faɗinta ga tallafin da ya farfaɗo da kasuwa ko ƙungiya, kuma a ƙasan maganar akwai sanin cewa allura takan sake jiki. “On steroids” daga magungunan ƙara tsoka da 'yan wasa ke sha a ɓoye. “Soup up”, wadda ake faɗa wa motar da aka ƙara wa gudu, masu bin asalin kalmomi suna danganta ta da abin da ake ɗura wa dawakin sukuwa a Amurka, wanda 'yan caca ke kira “soup”. Uwarsu duka ita ce “hype”. A farkon ƙarni na 20 tana yawo a bakin 'yan ƙwaya na Amurka a matsayin gajeren sunan allurar “hypodermic”, tana kuma yawo a bakin 'yan damfara da ke cutar mai kanti wajen canji. Daga baya ta haɗu da “hyperbole”, wato zuzutawa a magana, ta zauna a harkar talla: kambama abu fiye da ƙimarsa. Duk ta inda aka bi, ba a samu asali mai tsarki ba.

Kamfanin bincike na Gartner ya mai da ita ma'auni a 1995, ya zana abin da ya kira “hype cycle”: sabuwar fasaha ta fito, a kuranta ta har tsammani ya kai ƙololuwa, sai a faɗa kwarin yanke ƙauna, daga nan waɗanda suka daure su gano ainihin amfaninta a hankali. Wanda ya ga yadda aka yi rububin kuɗin kirifto, ko yadda ake maganar ƙirƙirarriyar basira yanzu, zai gane zanen. Amma matasa sun wanke kalmar. “I'm hyped” a bakinsu ɗoki ne zalla, “hype man” kuma sana'a ce mai kawo kuɗi a dandalin waƙoƙin hip-hop da gidajen rawa na Legas: mutumin da ke tsaye gefen mawaƙi yana jefa kirari yana tsuma jama'a. Mu da muka tashi muka tarar da sanƙira da ɗan ma'abba ba mu ga wani sabon abu a nan ba. Abin lura shi ne, dattijon edita in ya rubuta “hype” yana nufin ƙarya, ɗansa in ya rubuta ta a waya yana nufin daɗi, kuma dukansu Turanci mai kyau suke yi.

“Boost” ta fi kowace iya zama da mutane, shi ya sa ta cika kanun labarai da takardun ƙungiyoyin agaji. Asalinta a Turancin Amurka tura mutum daga ƙasa ne don ya haye katanga. Ta ba da “booster”, rokar da ke cilla kumbo sannan ta faɗo, ta kuma ba da allurar rigakafi ta ƙari da aka yi ta jin sunanta a 2021 lokacin korona. Facebook ya sa ta a maɓallin da ake dannawa a biya kuɗi don rubutu ya kai ga mutane da yawa. A ganina wannan wayo ne babba: abin talla ne tsagwaronsa, amma an ba shi sunan taimakon abokin da ya ba ka kafaɗa. Idan sanarwa ta ce wani shiri zai “boost” noma, ba ta yi alkawarin komai da za a iya aunawa ba, kuma sau da yawa dalilin zaɓen kalmar ke nan.

Inda zaɓen kalma ya wuce ado ya zama maganar kotu shi ne tsakanin “inspire”, “excite” da “incite”. Na biyu da na uku tushensu ɗaya a Latin, daga kalmar motsa abu. “Inspire” hura numfashi ce a cikin mutum, kusan ko da yaushe yabo. “Excite” ta tsaya a jin jiki. “Incite” laifi ce, ita ce tunzurawa da ingizawa. Jawabi ɗaya, taro ɗaya, masoya su ce ya zaburar da jama'a, masu gabatar da ƙara su ce ya tunzura su. Kotun Ƙolin Amurka ta ja layi a shari'ar Brandenburg da jihar Ohio a 1969: ba a hukunta magana sai in an yi ta da nufin haddasa karya doka nan take, kuma akwai yiwuwar ta haddasa ɗin. Layin nan ya yi wuyar tsallakewa ga masu ƙara, da gangan kuma aka yi shi haka.

Ranar 13 ga Janairun 2021 Majalisar Wakilan Amurka ta tuhumi Donald Trump da “incitement of insurrection”, wato tunzura mutane su yi tawaye, da ƙuri'a 232 a kan 197, saboda jawabin da ya yi kafin magoya bayansa su kutsa ginin majalisa a ranar 6 ga watan. Masu ƙara suka kafa hujja da inda ya ce a yi “fight like hell”, wato a yi faɗa iya ƙarfi. Lauyoyinsa suka haɗa bidiyon 'yan jam'iyyar Democrat da dama suna ta furta “fight” a tarukansu na siyasa, don su nuna kalmar ta daɗe da zama kayan ɗumama taro. A Majalisar Dattawa, inda aka yi shari'ar, ranar 13 ga Fabrairu sanatoci 57 suka ce tunzurawa ce, 43 suka ce ba su same shi da laifi ba, alhali 67 ake bukata kafin a tabbatar masa da laifin.